Ƙararrawar Tsohuwa Ta Iso, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani direban kwana-kwana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ni ce Hadiza, daga Kuala Lumpur. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Amma za ta sami waɗanda nake so ta sama, don a fili zan saka ta, kuma na san akwai wanda zai karanta yana gumi. Ya karanta, ai don shi ma na rubuta.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarka ban taɓa rubuta maka ko layi ɗaya ba, saboda ba ni da labarin da zan iya ɗaga ido in ba ka. Yau ina da shi. Ƙararrawar Tsohuwa ta iso hannuna.

Ka yi haƙuri in maimaita abin da ka fi kowa sani, saboda masu leƙen takardar. Tsohuwa ita ce jar motar kashe gobarar da ka fara tuƙawa kana saurayi. Bayan ka yi ritaya aka yi gwanjonta, injin a mace, tayoyi sun sace, kaji na saka ƙwai a ƙarƙashin kujerar direba. Ka saya, aka jawo maka ita har kangon da ke jikin gidanmu a Kurna. Rabin unguwa suka ce Malam Sani ya zare. Ka ji, ka yi murmushi, ka aike ni in ɗauko maka tsintsiya.

Shekara shida kana gyaranta. Yayyena maza biyu suna filin ƙwallo, ni ce mai miƙa sifana. Na iya bambance lamba goma da lamba sha uku tun kafin in iya tuƙa tuwo, Inna kuma kullum cikin faɗa take, wai wace irin budurwa ce hannunta ke warin baƙin mai. Ranar da injin ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe kangon, kai da ni muka fito muna tari muna dariya kamar sababbin mahaukata.

Dokokinka biyu ne a kanta. Na farko, ba a ajiye ta tana kallon bango. Ko daga ina ka dawo sai ka shigar da ita da ribas, hancinta na kallon ƙofa, wai motar kwana-kwana ba ta yin ritaya ko da direbanta ya yi. Na biyu, duk safiyar Juma'a sai an goge tagulla da lemon tsami da toka, musamman ƙararrawar da ke rataye gefen direba. Wata rana hannuna ya gaji na ce mu shafa mata fenti mana mu huta. Ka ajiye tsummanka ka dube ni.

"Ba a yi wa tagulla fenti, Hadiza. Duk wanda kika ga ya yi, ko dai rago ne, ko akwai abin da yake ɓoyewa."

Na riƙe maganar nan, Baba, ban san ranar amfaninta na tafe ba.

Da Nura mijina ya sami aikin koyarwa a wata kwaleji a nan, ranar da muka zo sallama, a tsakar gida ka faɗa, gaban Inna da ƙaninka Kawu Ɗanlami, cewa Tsohuwa tawa ce, kai riƙo kawai kake yi mini. Kawu yana zaune a kan tabarmarka, yana shan furar da Inna ta dama maka. Ya yi dariya ya ce Allah Ya sanya alheri. Ina ganin fuskarsa har yanzu, da gashin bakinsa da fura ta ɓata.

Ka rasu ina da tsohon ciki, jirgi ba zai ɗauke ni ba. Na yi kukana a ɗaki a unguwarmu ta Setapak, matan 'yan ƙasarmu suna shiga suna fita da kwanukan abinci. Ko sadakar arba'in ba a yi ba wata maƙwabciyarmu ta turo mini bidiyo a waya. Kawu, da yake shi ne babba a rabon gado, ya kira 'yan gwangwan. Na ga sun jawo ta ta baya, Baba, ta baya, kamar akuyar da ta ƙi tafiya. Na ga sun sauke tsaninta sun jefar a ƙasa. Sannan wani ya kunna wutar gas ya fara yanka ta daga ƙofar direba. Motar da ta ƙare rayuwarta tana kashe wuta, da wuta aka yanka ta, a ƙofar gidanka, yaran da kake ɗorawa a kanta ranar Sallah suna tsaye suna kallo.

Na kira Kawu. Ya ce shi bai tuna wata kyauta ba. Ya ce ko an yi, babu rubutu, ban kuma taɓa karɓar motar a hannuna ba, kuma maganar Inna maganar mace ɗaya ce. Ya ce ni da nake ƙasar Sin me zan yi da motar kwana-kwana, don har yau bai yarda Maleshiya ba Sin ba ce. Na haɗiye duk wannan na ce to, ƙararrawar fa, a bar mini ita ko ita kaɗai. Ya rantse mini da girman Allah cewa ta hau sikeli tare da sauran ƙarfen. Yayyena suka yi gum. Inna ta ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma ban manta ba, kuma ban yi niyyar mantawa ba.

Yaron da na haifa sunanka ya ci, Abba muke ce masa. Yana da shekara biyu, wata Asabar muna cikin bas za mu kasuwa, na hango wani jan abu ta ƙofar wani gareji a bayan jerin shaguna. Na danna maɓalli a tsaya, na sauka da yaro a kafaɗa, na koma da ƙafa ina haki. Irin Tsohuwa ce sak, da zagayayyen hancin nan da manyan fitilu, an cire mata ƙofa ɗaya, wasu tsofaffi uku sun duƙa a kanta suna musu.

Tsofaffin ma'aikatan kashe gobara ne, bomba ake ce musu a nan. Babbansu Pak Cik Rahim, wato Kawu Rahim a bakinsu, Bamale ne, wato ɗan ƙabilar Malawa ta ƙasar nan, mai farin gemu. Sai Uncle Lim mai walda, da Uncle Raju da ke zuwa tun daga unguwar Brickfields da ƙullin abincinsa. Duk Asabar suke haɗuwa su gyara ta, don su riƙa kai ta wurin nunin tsofaffin motoci. Da farko sun zaci ɓata hanya na yi. Ina tsaye Uncle Lim ya miƙa hannu baya yana neman sifana bai ko waiwayo ba, ni kuma na duba notin, na zaro lamba sha uku na sa masa a tafi. Ya ɗaura ya ji ta zauna daram. Sai a lokacin ya juyo ya ga mace baƙa da hijabi da goyo. Pak Cik ya tambaye ni wa ya koya mini, na ce mahaifina, sai hawaye.

Tun daga ranar duk Asabar ina can. Nura ne ke sauke ni, yana tsokanata wai ya auri bakanike bai sani ba. Na koya musu lemon tsami da toka, suka yi ta dariya, da suka ga yadda bakin mesa ya ɗau ido suka daina. Ni na ɗinke kujerun, ni na goge tsani. Abu ɗaya motar ta rasa: ƙararrawa. Tasu an sace tun tana jibge a wani fili, sun nemi irinta sun gaji, ƙugiyar na nan a gefen direba ba komai a jikinta. Duk sanda na wuce ta wurin sai na kau da kai.

To, Baba, ka san Kawu yana da makarantar kuɗi. Watannin baya aka yi bikin yaye ɗalibai, matarsa ta zubo hotuna a zauren iyali na waya. Ina wucewa da yatsa ba tare da na damu ba, sai na tsaya cak. A bayan Kawu, jikin bishiyar darbejiya, ga wata ƙararrawa a rataye, an lafta mata koren fenti. Na buɗa hoton har ya dushe. Kunnen da ake rataye ta da shi ya ɗan karkace hagu. Kai ka yi waldar kunnen nan da hannunka, ni na riƙe maka, har tartsatsi ya ƙona mini ɗankwali. Ashe shekara huɗu ana kaɗa wa yara tashi da shiga aji da ƙararrawarka, mutumin da ya rantse da Allah yana zaune a ofis yana jin ta safe da rana.

Ranar ban iya girki ba, sai abincin mamak, wato Indiyawa Musulmi masu gidan abinci, Nura ya sayo mana. Ya ce in kira Kawu in wanke shi tas. Na ce a'a. In na kira shi zai ce a kasuwar Kurmi ya saya, washegari kuma ta ɓace. Na yi shiru, na jira, kuma ban taɓa sanin ina da haƙuri irin wannan ba sai da mugunta ta koya mini.

Allah da ikonSa, 'yarsa Safiya da ke karatu a nan ta gama, Kawu zai zo bikin. Ya ji tsadar otal a Bukit Bintang, sai ga kiransa, murya kamar zuma, wai 'yata ta kaina. Na ce Kawu ai gidanka ne, ɗaki na nan. Muka yi ta hira. Can na ce na ga wata tsohuwar ƙararrawa a hoton makaranta, ta yi mini kyau, ina son in yi ado da ita a falo, in ya kawo mini zan ba shi ta lantarki, irin mai kiɗa da kanta in lokaci ya yi. Ya ce ai wata ce ya tsinta a Kurmi, ba ta da wata daraja. Na ce na sani, Kawu, ni dai korenta ne ya burge ni. Kwaɗayi ya ja shi. Ya zo da ita a naɗe cikin tsohuwar atamfa, yana mitar ta cinye masa nauyin kaya har ya bar kilishi a gida.

Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya har ƙasa. Na shiga ɗaki na rufe, na rungume ta, na ɗan taɓa ƙarfen cikinta a hankali. Fentin ya shaƙe mata murya, amma ita ce.

Asabar na ce Kawu ya shirya in kai shi ya ga gari. Ya sha babbar riga da hula ƙube, yana zaton dogayen benayen nan za mu. Na sa aka sauke mu a ƙofar garejin. Da ya ga jar motar sai tafiyarsa ta canza, ya dube ni, ya dubi jakar da ke hannuna. Amma tsofaffin sun riga sun taso. Na ce musu ga ƙanin mahaifina, ya kawo mana ƙararrawa tun daga Najeriya. Suka rungume shi, suka ba shi kujera, Uncle Raju ya ruga ya kawo masa shayi mai kumfa. Kawu ya ga girma ya samu, sai ya saki jiki. Da turancinsa na mai makaranta ya shiga ba su labarin yadda shi da yayansa suka yi shekaru suna gyara irin wannan motar. Shi, Baba, wanda ko tsumma bai taɓa ɗauka ba, wanda in ka tayar da inji yake toshe hanci ya ce ana damun mutane.

Na bar shi ya yi ta zuba. Niyyata in ya gama in nuna musu waldar kunnen, in faɗi gaskiya, ya musa, in dai ji daɗin ganin yana musu. Iyakar shirina ke nan. Ban san kai ka riga ka shirya naka ba.

Pak Cik ya buɗe atamfar, ya ga koren fenti, ya ɓata fuska kamar an zage shi. Bai tambayi kowa ba ya ɗauko maganin cire fenti ya shafa. Kawu ya miƙe ya ce ai da an bar ta haka, fentin na kare ta daga tsatsa. Uncle Lim ya fashe da dariya ya ce tagulla ba ta tsatsa, ya ƙara da lah ɗin nan da suke rufe magana da shi. Abin da Kawu bai taɓa sani ba ke nan. Shi a tunaninsa ƙararrawar za ta zauna a falona da korenta har abada. Bai san duk mai son tagulla abu na farko da zai yi shi ne ya tuɓe mata fenti ba.

Fentin ya fara kumbura yana tattarewa. Ni ke kankarewa. A leɓen ƙararrawar, ta waje, inda aka fi lafta shi da kauri, na ji wuƙar na cin karo da wasu ƙananan ramuka. Na goge da tsumma. Ɗigo-ɗigo ne a jere, irin wanda ake yi da ƙusa da guduma. Rubutun ajami ne, hannunka ne, da irin jan wutsiyar da kake yi wa harafin ƙarshe.

Idona ya cika na kasa karantawa. Ka san tsofaffin Malawa ma da haruffan Larabci suka yi karatun yarensu. Pak Cik ya sa tabarau, ya kai fuskarsa kusa, ya bi ɗigon da yatsa, ya karanta da ƙarfi a gaban kowa: Hadiza. Sauran bai gane ba, ya ce in fassara. Na share ido na karanta musu: Wannan mota da ƙararrawarta na Hadiza ne.

Ga rubutun da aka ce babu. Bayan tafiyata ka zauna kai kaɗai a kango kana buga shi ɗigo bayan ɗigo, ba ka gaya wa kowa ba. Kawu ya gani ranar da ya kwance ta, ya karanta, ya sayi gwangwanin fenti, sannan ya ɗauki waya ya rantse mini.

Ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa, da Hausa don kada su ji.

"Hadiza, ki rufa mini asiri. Ni fa ubanki ne."

Na ce masa ubana yana kabari, kuma shi ya rubuta wannan. Sannan na juya na ba su labarin duka da turanci, tun daga furar har wutar gas, na ciro bidiyon na miƙa musu. Uncle Lim, mutumin da ya yi shekara biyu yana liƙa ƙofar mota guda, ya kalli yadda ake yanka taka, bai kai ƙarshe ba ya ajiye wayar. Babu wanda ya zagi Kawu. Da sun zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Uncle Raju dai ya zo ya ɗauke kofin shayin daga gabansa, bai ko sha rabi ba, ya kai bayan gareji ya zubar. Kawu ya tsaya da babbar rigarsa a tsakiyar baƙin mai, ba mai kallonsa, har na gama goge ƙararrawar da lemon tsami da toka. Ban yi sauri ba.

A nan tsaye na ɗauki hoton rubutun na tura zauren iyali, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Yayyena da suka yi gum shekara huɗu sai ga su suna kira. Ban ɗauka ba.

Kada ka ce na wulaƙanta baƙo, Baba. Kwana tara ya yi a gidana, ban rage masa nama a miya ba, ruwan wankansa da zafi, na je bikin Safiya na yi guɗa, don yarinyar ba ta yi mini komai ba. Ƙararrawar lantarkin ma na saya masa kamar yadda na yi alkawari. Sau biyu yana cewa in yafe, sau biyu ina cewa ya ƙara shinkafa. Inna ta kira ta ce ai ya ji kunya, ya isa haka. Na ce Inna, kunyarsa ta kwana tara ce, ni tawa motar ba za ta dawo ba.

Koren fentin da na kankare kuwa ban zubar ba. Na tattara shi tsaf, na zuba a ambulan, na rubuta sunansa da ajami a baya, na sa masa a aljihun akwati tare da tsarabar yara. Kayansa ne, ni kuma ba na cin haƙƙin mutum.

Lahadin da ta wuce aka yi nunin, a wani fili da ke bayan gari. Pak Cik ne ya tuƙa, ni a gefensa, Abba a kan cinyata da hular kwano da ta rufe masa ido. Da muka shigo layi ya ce mini boleh, wato kina iya kaɗawa. Na kama igiyar na ja.

Baba, muryarta ce. Ba ta canza ba ko kaɗan. Na ji ƙamshin lemon tsami, na ji tarinka, na ga kangon Kurna da safiyar Juma'a. Mutane na tafi suna ɗaukar hoto, ni kuma ina kaɗawa ina kuka, ban damu da wanda ya gani ba. Abba, da ba ya amsa mini sai da turanci ko Malayanci, ya ɗaga hular ya tambaye ni da Hausa ta waye. Na kama ɗan yatsansa na bi da shi kan ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya, na ce ta kakanka ce, ya ba ni.

Da muka koma gareji Pak Cik zai shiga da motar kai tsaye, na ce ya tsaya. Ya sauka ya ba ni sitiyari. Sau uku tana mutu mini, tsofaffin na dariya, amma na shigar da ita da ribas, hancinta na kallon ƙofa.

Na gaya musu ƙararrawar aro na ba su. Ranar da za mu dawo gida da ita zan dawo, a cinyata in ya kama. Maganar yafiya kuwa, in kai ka yafe wa ƙaninka, wannan tsakaninku ne, na san halinka. Nawa kason yana nan a hannuna, ban sake shi ba tukuna, kuma ba zan yi maka ƙarya ba.

Allah Ya jiƙanka, Babana. Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya shi kamar yadda ka sanyaya gidajen mutane. Wutar da ka yi rayuwarka kana kashe ƙanwarta, Allah Ya haramta mata ko da gefen rigarka. Ni kuma Ya sassauta mini zuciya a lokacin da Ya ga dama, ba lokacin da Kawu ya ga dama ba. Amin.

Jibi Juma'a. Na riga na sayi lemon tsami.

Taka har kullum,
Hadiza, mai miƙa sifana.